Ɗan barkwancin Ingila da ya bi ayarin gishiri

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana a kan wani Bature ɗan wasan kwaikwayo, Michael Palin. Na san wasu za su ce ina ruwan Bahaushe da ɗan wasan Ingila, ga tsadar abinci ga rashin tsaro. Ruwanmu da shi shi ne, mutumin nan ya taka ƙasashenmu da masu ɗaukar hoto a bayansa. Ya shiga Ingal da Agadas da Tenere a 2001, ya zo Kano yana da shekara 80, kuma mutane masu ɗimbin yawa a Birtaniya ta idonsa suka san kamanninmu. Wanda ya nuna ka ga duniya kuwa ya kamata ka san ko wane ne. Ni tsohon malamin labarin ƙasa ne, na yi ritaya, kuma kaset-kaset ɗin tafiye-tafiyensa suna cikin abin da na riƙa kunna wa ɗalibai, in an yi sa'a akwai wuta.

An haife shi ranar 5 ga Mayu 1943 a Sheffield, garin masana'antun ƙarfe a arewacin Ingila. Mahaifinsa injiniya ne, kuma mutum ne mai in'ina mai tsanani. Yaron ya tashi da son jirgin ƙasa, irin yaran nan nasu da ke tsayawa a tasha da ɗan littafi suna rubuta lambar duk kan jirgin da ya wuce. Ya yi makarantar kwana a Shrewsbury, ya wuce Jami'ar Oxford ya karanta tarihi, ya gama a 1965. A can ya haɗu da Terry Jones, suka fara rubuta wasannin ban dariya tare, kuma abotar ba ta yanke ba sai da Jones ya rasu a Janairun 2020.

A 1969 su biyun suka haɗu da wasu huɗu, John Cleese da Graham Chapman da Eric Idle da Terry Gilliam, suka kafa ƙungiyar Monty Python. Shirinsu ya gudana a talabijin na BBC daga 1969 zuwa 1974, kashi 45. Barkwancinsu na tsokanar masu iko ne: alƙali, hafsan soja, ma'aikacin gwamnati mai cika takarda, har da BBC ɗin da ke biyan su albashi. Palin ya fi fitowa a matsayin mutum mai ladabi, mai murmushi, wanda kuma ba a cin riba da shi. A wasansu da ya fi shahara shi ne mai kantin sayar da tsuntsaye. Wani ya dawo masa da akun da ya saya, gawa ce sandararriya a cikin keji, shi kuwa mai kanti ya kafe a kan cewa akun bai mutu ba, hutawa yake yi. Duk wanda ya taɓa mayar da rediyo marar aiki wurin wanda ya sayar masa ya san irin wannan mai kanti.

Ba zan ɓoye abin da ban ji daɗinsa ba. A 1979 ƙungiyar ta fitar da fim ɗin da ya taɓa addini, wanda suka ɗauka a Tunisiya. Malaman coci suka yi musu ca, ƙasashen Ireland da Norway suka hana nuna shi a lokacin. Su sun ce masu bin mutum ido rufe suke yi wa ba'a, ba Annabi Isa, alaihis salam, ba. Ni dai a wurina wannan fage ne da mai hankali ke tsayawa nesa da shi, kuma ba don shi na ɗauki biro ba.

Akwai wani abu a rayuwarsa ta fim da ya tsaya mini a rai. A 1988 ya fito a wani fim na ban dariya a matsayin ɓarawo mai in'ina, har ya ci kyautar BAFTA ta Birtaniya da wannan rawar. In'inar da ya kwaikwaya ya san ta tun daga gida, a bakin mahaifinsa. Jama'a suka yi dariya, amma wasu masu in'ina suka nuna ɓacin ransu. Bai ce musu ai wasa ne ba. Ya zauna da masana harkar, kuma a 1993 aka buɗe wata cibiya a Landan mai ɗauke da sunansa, inda ake taimaka wa yara masu in'ina, har yau tana aiki. Na koyar da irin waɗannan yara. Na san yadda aji ke ɗaukar shiru in an ce ɗayansu ya tashi ya karanta, kowa na danne dariya, da yadda yaro mai ƙwaƙwalwa ke komawa bencin baya ya daina ɗaga hannu har ya gama makaranta. A finafinanmu ana kwaikwayon mai in'ina da gurgu da kurma a ci kasuwa da su, daga nan kuma sai a wuce.

Sauyin rayuwarsa ya zo a wannan shekarar ta 1988. BBC ta so ta gwada ko mutum zai iya zagaya duniya cikin kwana 80 ba tare da hawa jirgin sama ba, kamar yadda wani tsohon labari na marubucin Faransa Jules Verne ya tsara. Ba shi aka fara nema ba, sai da wasu suka ƙi sannan aka zo kansa. Ya bar Landan a watan Satumba, ya dawo cikin kwana 79 da 'yan sa'o'i. An nuna shirin a 1989.

Abin da ya ɗaga shirin ba tseren kwanakin ba ne. Daga Dubai zuwa Bombay babu jirgin da ya dace da lokacinsa sai wani jirgin ruwa na katako mai ɗaukar kaya, wanda matuƙansa talakawa ne daga Gujarat ta Indiya. Kusan mako guda ya yi tare da su a kan teku. Yana kwana a kan buhuna, yana cin abin da suka dafa, ban-ɗakin kuwa wani ɗan akwati ne da aka maƙala a gefen jirgi, ruwa na gudu a ƙarƙashi. Cikinsa ya ɓaci, su suka yi jinyarsa. Akwai inda ya sa wa wani dattijo a cikinsu abin sauraron kiɗa a kunne, fuskar tsohon ta washe. Ba su da yare ɗaya in ban da 'yan kalmomi da nuni da hannu, amma ranar rabuwa sai da jikin kowa ya yi sanyi. Bayan shekara 20 ya koma Gujarat ya nemi waɗanda suka rage a cikinsu, ya zauna da su suka kalli hoton tare.

A nan ne nake ganin sirrin mutumin, kuma shi ne dalilin wannan wasiƙa. Kafin shi, Baturen da ke gabatar da shirin ƙasashen waje yakan tsaya ne a gaban kyamara da kwat, yana bayani, mutanen wurin suna can bayansa ba su da baki. Palin ya shigo da tarbiyyar ɗan barkwanci, wato mutumin da sana'arsa ta koya masa kada ya ji kunyar a yi masa dariya. Shi ne wanda bai iya ba. Shi ne mai karya harshe in ya gwada gaisuwa, mai tuntuɓe a rawa, mai riƙe akalar raƙumi a karkace. Da zarar baƙo ya yarda ya zama abin dariya, sai masu gida su saki jiki, su koma su ne malamai. Mai kallo kuma sai ya gan su a matsayin mutanen da suka san abin da suke yi. Na lura da haka a aji. Yara ba su riƙe sunan kogi ko tsawon dutse daga bakinsa ba, amma sun riƙe fuskokin mutane, daga nan kuma sai su zo suna tambayata ina ne wurin a taswira.

Daga nan tafiye-tafiye suka biyo juna. A 1991 ya taso daga ƙarshen duniya na arewa ya nufi na kudu, yana bin layin digiri 30 na gabas. Ya bar Tarayyar Sobiyet 'yan kwanaki kafin yunƙurin juyin mulkin watan Agusta, ya ratsa Masar, ya hau jirgin ƙasa daga Wadi Halfa zuwa cikin Sudan, yaƙin kudanci ya tilasta masa karkatawa ta Habasha. Ya zagaya gaɓar tekun Fasifik a shirin 1997, ya bi duwatsun Himalaya a na 2004, ya yi gabashin Turai a 2007 da Brazil a 2012. Ya cika shekara 75 a Koriya ta Arewa a 2018, sannan ya bi kogin Dijla ya ratsa Iraƙi a shirin 2022. Kusan kowace tafiya da littafinta.

Wanda ya shafe mu shi ne na Sahara, kashi huɗu, da aka nuna a 2002. Ya taso daga Jibralta ya shiga Maroko, ya sauka a sansanin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara kusa da Tinduf a Aljeriya, ya ga jirgin ƙasan da ke jan tama a Muritaniya, ya bi ta Senegal zuwa Mali. Ya yi babbar salla a Jenne, garin babban masallacin ƙasa, ya bi kogin Kwara zuwa Tumbuktu. Sannan ya shigo Nijar. A Ingal ya tarar da taron shekara na makiyaya, lokacin da ake kai dabbobi lasar gishiri bayan damina, inda samarin Bororo ke shafa fuska, su jera, suna zare ido suna nuna fararen haƙora a gaban 'yan mata. Daga Agadas ya shiga Azbin, ya bi ayarin raƙuman Buzaye masu zuwa Bilma, ya yi 'yan kwanaki yana takawa da su a rairayin Tenere.

Wannan ayari ba baƙonmu ba ne. Tsakanin Agadas da Bilma kusan kilomita 600 ne, yawancinsa babu ciyawa ko ɗaya, don haka raƙuma da harawarsu suke tafiya. Ana kai gero, a ɗauko gishiri da dabino, sannan a gangaro kudu ƙasar Hausa a sayar. Kantun da makiyayi ke saya wa shanunsa a kasuwannin Damagaram da Katsina da Kano ta wannan hanya ya daɗe yana zuwa. Na girma ina ganin kantu a jingine a rumfar kasuwa, na koyar da cinikin Sahara shekara da shekaru da alli a kan allo, ina zana kibiyoyi daga Bilma zuwa Kano. Amma ganin yadda ake ɗaure kaya da asuba, yadda madugu ke gaba a ƙasa, yadda ake haɗa shayi ba a tsayar da ayari don jin daɗin kowa ba, wannan sai da wani ɗan barkwanci daga Sheffield ya nuna mini. Har yau abin yana yi mini daɗi yana kuma ci mini rai.

Ga wani abu kuma da shi kansa bai yi tsammani ba. Abin da ya ɗauka don nishaɗin masu kallo a daren Lahadi yanzu ya zama shaida ta tarihi. Libiyar da ya ratsa ta wargaje a 2011. A 2012 'yan bindiga suka rusa hubbaren waliyyai a Tumbuktu. Hanyoyi da yawa da ya bi da mota da kwalekwale, yau ko ɗan ƙasa sai ya yi shahada yake bin su. Wanda yake son ya ga yadda yankin yake kafin wannan masifa, dole ya nemi irin waɗannan hotuna, kuma ba a hannunmu suke ba.

Kada a ce na cika yabo. Baƙo makahon gari ne ko da ya yi murmushi. Ƙasa wajen goma cikin sa'a huɗu, me mutum zai gani in ba saman abu ba? Ba ya jin Hausa, ba ya jin Fulatanci, ba ya jin yaren Buzaye. Duk maganar da ya yi da mutanen Ingal da Azbin ta bakin tafinta ta bi, kuma tafinta da direba da ɗan jagora, waɗanda su ne suka san inda rijiya take da wanda za a gaisar kafin a kafa kyamara, sunayensu a ƙarshen shiri suke wucewa da gudu. Ko a cikin Turawan ma, mutane nawa suka san Nigel Meakin, wanda ya sha ɗaukar kyamara a kafaɗa a waɗannan tafiye-tafiye, ko Basil Pao mai ɗaukar hotunan littattafan? Sannan kyamara tana son abin da ya fita daban. Saurayin Bororo da kwalliya ya fi ɗaukar ido a kan malamin asibitin Ingal da ke fama da ƙarancin magani, don haka shi za a nuna.

Akwai kuma tarihin da bai kamata mu manta ba. Daga 2009 zuwa 2012 Palin ne shugaban Ƙungiyar Masana Labarin Ƙasa ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1830. Ƙungiyar nan ita ce ta karrama Richard Lander saboda gano inda Kwara ke shiga teku, ta kuma karrama Heinrich Barth, wanda ya shiga Agadas a 1850 da Kano a 1851 yana kiran kansa Abdulkarim. Kafin waɗannan biyun, wani Bature mai suna Clapperton ya zo Kano a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya dawo ya mutu a Sakkwato a 1827. Su ma matafiya ne masu fara'a da littafin rubutu a aljihu. Abin da suka rubuta game da hanyoyi da kasuwanni da ganuwa bai tsaya a ɗakin karatu ba, a 1903 sojoji suka iso Kano. Ban ce Palin ɗan leƙen asiri ba ne, Allah ya kiyaye in yi masa ƙazafi. Cewa nake yi wanda ya rubuta ƙasa yana da wani iko a kanta, ko da niyyarsa fara ce.

Zuwansa Najeriya ya zo a lokacin da yake cikin makoki. Matarsa Helen, wadda ya haɗu da ita a bakin teku tun yana ɗan shekara 16, ya aura a 1966, suka haifi 'ya'ya uku, ta rasu a Mayun 2023 bayan doguwar jinyar ƙoda. Shi kansa an yi masa aikin zuciya a 2019, shekarar da Sarauniya ta ba shi sarautar Sir saboda hidimarsa ga tafiye-tafiye da al'adu da labarin ƙasa. Mutumin da ya kai nan, a wurinmu sai tabarma da jikoki. Shi kuwa ya ɗauki jaka. Tashar Channel 5 ta nuna shirin a Afrilun 2024, kashi uku. Ya fara da Legas da unguwar Makoko da ke kan ruwa, ya hau arewa zuwa Kano, ya je Benin inda bai kauce wa maganar abin da sojojin ƙasarsa suka yi wa fadar Oba a 1897 ba, ya kuma ga ɓarnar mai a yankin Neja Delta. Ya yi adalci gwargwadon abin da baƙo zai iya. Amma ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 a kashi uku, rabon Kano bai wuce ɗanɗano ba. Garin da kasuwar Kurmi kaɗai ko marinar Ƙofar Mata za ta ci shiri guda ta nemi ƙari.

To laifin wa? Mu ba baƙin rubuta tafiya ba ne. A 1943, shekarar da aka haifi Palin, Abubakar Imam na Gaskiya Ta Fi Kwabo ya je Ingila tare da 'yan jaridar Afirka ta Yamma, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Wato Bahaushe ya je ya kalli Bature a gidansa ya ba da labari da Hausa tun Palin yana cikin zanen goyo. Yau muna da masana'antar fim a Kano, muna da tashoshin talabijin na Hausa, kowane saurayi da kyamara a aljihu. Muna kuma da 'yan barkwanci waɗanda in suka sauka a kowace tasha daga Zariya zuwa Agadas, daga Zangon Kumasi zuwa Garwa, jama'a za su yanyame su. Ka yi tunanin marigayi Rabilu Musa Ibro, Allah ya jiƙansa, a ce kafin rasuwarsa a 2014 wani ya haɗa shi da ayarin Bilma. Ba ya buƙatar tafinta a Agadas. Zai ci da su, ya tsokane su, su tsokane shi, ya tambayi madugu abin da Bature ba zai san ana tambaya ba: nawa ake sayen kantu a bakin rami, nawa ake sayarwa a Tasawa, wa ke bin wa bashi, me ya sa 'ya'yansu suka koma tuƙin mota. Wannan shirin ba a yi shi ba, kuma masu iya ba da amsoshin suna ta ƙarewa.

Za a ce kuɗi. Gaskiya ne, BBC ce ta ɗauki nauyinsa, kuma tafiya da ma'aikata tana cin dukiya. Amma akwai abin da ya yi wanda bai ci ko sisi ba. Tun 1969 yake rubuta abin da ya faru da shi kowace rana a littafi, da wanda ya gani, da abin da aka ce. An buga su juzu'i-juzu'i tun daga 2006, kuma a 2017 ya miƙa wa Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya littattafansa na rubutun hannu na shekarun farko. Manyan 'yan wasanmu na rediyo da talabijin na zamanin da, nawa ne suka tafi ba su bar ko shafi ɗaya ba? In ɗalibi ya zo neman tarihinsu, sai a tura shi wurin wani tsoho da ya fara mantuwa.

Roƙona gare ka, Edita, guda biyu ne. Shafinku na nishaɗi ya rage mana labarin wace ta yi aure wace ta fito, in kun zauna da ɗan wasa ku tambaye shi ko ya taɓa tunanin ɗaukar kyamara ya bi tsohuwar hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Nguru, ko ya zauna mako guda da masunta a Yawuri, ko da masu haƙar kanwa a Manga. Na biyu, ku buɗe ɗan fili, ko rabin shafi ne a wata, ga direbobin manyan motoci da fatake da 'yan ci-rani su ba da labarin hanyoyin da suke bi, da sunayen garuruwa da farashin kaya da abin da ya sauya. In kun buɗe, ina da tsofaffin ɗalibai a hanyar Agadas da ta Maiduguri da zan sa su rubuto muku.

Na gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Naka,
Tsohon malamin labarin ƙasa,
daga Katsina.